Ni da Adda da Buta a Hanyar Katsina

Tun da muka dawo ban ci tuwo da zafinsa ba. Duk wadda ta zo gaida Adda sai ta biyo ta gidana ta ce in ba ta labarin Katsina, kuma kowace so take a faro mata daga tushe. Ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci Malama ta ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in rubuta sau ɗaya, ita za ta karanta wa kowa. To ga shi. Inda na yi kure a gyara mini.

Adda mahaifiyata ce, ni ce ƴarta ta fari. Kakanninmu masu shanu ne. Sun daɗe da aje sanda suka ɗauki hauya a nan kudu da Gazawa, amma kunyar ɗan fari ba su aje ta ba. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, can na girma, shi ya sa nake ce mata Adda yadda ƙannenta ke ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. In tana son abu a wurina sai ta gaya wa wanda ke kusa. In babu kowa ta gaya wa bango. Yau ƴaƴana biyar, haka muke zaune, kuma ba faɗa muke ba.

Sai abu na biyu. Adda ba ta cewa ciwo. Duk haihuwar da ta yi, kukan jariri ne ke sanar da mutanen gida. In ka ce mata ya jiki, da sauƙi. Ranar da kunama ta harbe ta a rumbu ma da sauƙi ta ce.

Bara majo, mai duba marasa lafiya a likitar Gazawa, ya auna ta ya ce ciwon sukari ne, ya ɗora ta kan ƙwayoyi. Bana da damina muka lura ta daina sa takalmi. In za ta kwanta sai ta bar ƙafafunta waje, ko zane ba ta so ya taɓa su. Da rana kuma ta ɗebo ruwan randa a ƙwarya ta tsoma su ta zauna shiru. Ƙanwata Hadiza ta matsa mata da tambaya har ta ce, "Kamar dai mutum ya taka toka mai ɗan ɗumi." Mu da muka san ta mun gane garwashi take nufi. Majo ya ce sukarin ne ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Ya ja mana kunne ƙwarai: kada tsaga, kada ƙaho, kada wuta. Ƙafar mai sukari in ta yi gyambo ba ta cika warkewa ba, sau da yawa sai an kai ga yanke ta.

To akwai Kawu Sanda, ƙanen Adda, shi ne babba a gidan yanzu. Shi ke yi wa shanun garinmu lalas in sun yi ɗingishi, ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja ya ɗora. Gwiwarsa ma shi ya yi wa kansa, kuma ba sai ka roƙa ba zai ɗage wando ya nuna maka tabon. Yana son yayarsa, ba ya iya ganinta da ƙafa cikin ƙwarya. Ya ce wuta ke kashe wuta, da an gama roron wake zai hura mata. Na gaya masa abin da majo ya ce. Ya ce majo bai taɓa kiwon saniya ba. Adda kuwa "to" ta ce. Na san ba za ta ƙi ba, don kada a ce ta ji tsoron wuta. In ranar ta zo da kanta za ta miƙa ƙafar.

Ana cikin haka Rabi, ƙanwar maigidana da ke aure a Katsina, ta kira a waya. Ta ce mijinta ya yi fama da ciwon jijiya daga baya zuwa ƙafa, aka riƙa manna masa wani ɗan inji mai tura kuran, wato lantarki, kaɗan-kaɗan ta fata, ya samu sassauci. Na koma wurin majo. Ya ce ya san abin, ba ya warkarwa, kuma ba kowa yake yi wa ba, amma in muna da masauki mu gwada, kada dai a bar shan magani. Kawu ya ce, "Ku tahi. In kun dawo tana tsoma ƙafa a ƙwarya, ƙarfena na nan."

Sai maganar mai rakiya. Hadiza na jego, maza na gona. Aka duba aka duba, ni na rage. Da Adda ta ji ta dubi bango ta ce, "Ashe mutane sun ƙare a garin nan." Ta ɗaure zannuwanta biyu, ta ɗauki tasbaha da butarta ta roba mai ratsin kore.

Amalanken jaki ya kai mu bakin kwalta. A nan na ga yadda tafiyar za ta kasance. Mai amalanke ya juya, babu bango, babu kowa sai ni da ita. Adda ta waiga hagu ta waiga dama, sannan ta sunkuya ta dubi butar da ke hannunta.

"Butar nan, a ce wa masu jaka bakin jakarsu a buɗe yake."

Na ɗaure jakar. Daga wannan lokaci mu uku muka zama.

A tashar Gazawa muka samu mota mai zuwa Maradi. An cusa mu a kujerar tsakiya, a bayanmu akwai rago da ke shinshinar ɗankwalina har Agiye. A Agiye wani mai tallar magani ya shigo da jaka a wuya. Garin magani ɗaya ne a ƙulli-ƙulli, amma yana maganin basir, da shawara, da ciwon baya, da mantuwa, da faɗan miji. Ya dubi ƙafafun Adda ba takalmi ya ce, "Iya, me ke damun ki?"

"Lafiyata lau. Kasuwa za ni."

"Ba ki jin ko ɗan sanyin ƙashi?"

"Kai dai na ji kana tari tun da ka shigo."

Bai ƙara kula mu ba.

A Cadawa aka tsaya ɗaukar buhunan albasa. Wani ƙato zai wuce baya ya taka mata ƙafar dama da dukan nauyinsa. Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi. Mutumin bai ma sani ba. Da motar ta tashi ta ce wa butar, "Bawan Allahn nan yana cin abinci." Hankalina bai kwanta ba sai a Maradi, da na riƙa zuba mata ruwan alwala ina duban ƙafar a sace. Fata ba ta fashe ba.

A tashar Katsina da ke Maradi muka ci kwaɗon zogale, na canza kuɗi. Ƴan takardun sefa kaɗan na miƙa, mai canji ya cika mini hannu da naira har na rasa inda zan sa. Na zaci na yi arziki. Wannan zaton bai wuce sayen ruwan sha na farko ba.

Iyaka kuma ga yadda ta kasance. A Ɗan Isa jandarma da ƴan duwan masu binciken kaya suka duba katunanmu suka ce Allah ya kiyaye. A wancan gefen wani matashi mai kaki ya leƙo ta taga ya karɓi katunan. Ya ce ina za mu, na ce asibiti, don na riga na ji haka suke ce wa likita a can. Ya ce tsohuwar fa? Na ce mahaifiyata ce. Sai ya juya wurinta.

"Mama, wannan ƴarki ce?"

Adda ta dubi buta.

"Mama, da ke nake. Wace ce wannan a wurinki?"

"Ƴar garinmu ce."

"Ita ta ce ke kika haife ta."

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

"To, ni ba na jayayya da mutane cikin mota."

Ya ce mu sauko. Ban ga laifinsa ba. Tsohuwa ba takalmi, wata na jan ta za ta ƙetare iyaka da ita, bakinsu bai zo ɗaya ba. Ya zaunar da mu a benci gindin iccen bedi, direba na ta danna oda, fasinjoji na leƙe.

"To ya sunanta, in kin san ta?"

"Yana cikin katin da ke hannunka, ɗana. Kai ne ka yi lakol ka iya karatu."

Na fara yi masa bayani, ya ce in yi shiru ba da ni yake ba. Muna nan sai ga wani babbansu mai furfura a gemu, da kofin shayi a hannu. Ya ji zancen, ya dube ni, ya dubi Adda, ya ce wa yaron, "Kai ba ka ga hancin ba? Ba ka ga wushiryar ba? Ƴar fari ce. Ni ma tsohuwata har ta koma ga Allah ‘wancan dogon’ take ce mini." Ya miƙo mana katunan, ya ɗan rusuna ya ce, "Mama, ya jikin?"

"Da sauƙi."

Bayan la'asar muka shiga Katsina, adaidaita ta kai mu unguwar su Rabi. Ta karɓe mu hannu biyu, ta ba mu ɗaki guda da katifa. Adda ta shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da katifar ta kwanta, ta aje buta tsakaninmu.

Mutanen can Hausarmu ɗaya, sai dai abin da muke ce wa kuran su wuta suke cewa, pil kuma batir. Wutar tasu tana zuwa tana tafiya ba sallama. In ta dawo yaran unguwa su ɗauki ihu, kowa ya ruga ya soka waya a bango. Mu da ba mu da ita a ƙauye ba ta taɓa ɗauke mana ba. Abincinsu shinkafa da safe, shinkafa da rana. Tuwonsu na masara ne, fari fat kamar an wanke shi da sabulu. Sukari kuwa har cikin fura suke zubawa, sai da na tsaya a kan Rabi kafin ta yarda koko na shayuwa haka nan. Adda ta ɗanɗana tuwon ta ce wa buta, "Wannan ma jinya yake."

Amma abin da ya fi ɗaure mata kai ba abinci ba ne. Rabi na da ƴar fari, budurwa, Zainabu. Tun daga madafa za ta kwaɗa mata kira da sunanta, gari na ji. Kwano ɗaya suke ci. Yarinyar ta zo ta ɗora kai a cinyar uwar tana latsa waya, uwar na tsefe mata kitso suna gardama a kan kuɗin anko. Adda ta daɗe tana kallon su, sannan ta ce, "Butar nan, duniya za ta tashi, amma a hankali."

Washegari mijin Rabi ya kai mu asibiti, sashen masu gashin ƙashi da motsa jiki. Muka bi layi har rana ta ɗaga. Likitar da ta gan mu yarinya ce sa'ar Hadiza, mai farar riga da gilashi, mai haƙuri. Ta duba takardar majo da ƙwayoyin. Ta tambaya ko Adda na farfaɗiya, ko an taɓa sa mata wani inji a zuciya. Ta ɗaga ƙafafun ta duba har tsakanin yatsu. Sannan ta ciro abin da muka zo dominsa.

Ni na zaci zan ga wani abu kamar injin niƙa. Ashe bai kai sabulun wanki girma ba. Pil yake ci. Yana da wayoyi biyu sirara, kowace ta rabu biyu, a bakinsu akwai ƴan faci masu danƙo da ake mannawa a fata. Ta ce ba ya gyara jijiyar da ta lalace, ba ya rage sukari. Abin da yake yi, yana tura wani ɗan motsi ta fata, jijiya ta shagala da kai saƙonsa, saƙon zogin ya rasa hanyar wucewa na wani lokaci. Ta ce kamar in ka buge gwiwar hannu ka yi ta murzawa. Ni yadda na gane shi, kamar bakin rijiya ne: in shanu sun cika kwamin shan ruwa, akuya sai ta jira.

Ta manna facin a sha-raɓar Adda, biyu kowace ƙafa. Ta ce, "Mama, zan riƙa ƙarawa a hankali. Da kin fara jin kamar tururuwa na tafiya, ki gaya mini. In ya yi ƙarfi amma ba zafi, nan za mu tsaya. In ya kai zafi mun wuce wuri. Ni ba na jin abin da kike ji, sai kin faɗa."

Ta murɗa kaɗan.

"Kin ji wani abu?"

"Da sauƙi."

Ta ƙara.

"Yanzu fa?"

"Alhamdu lillahi."

Ta ƙara, ta ƙara. Naman sha-raɓar ya fara rawa, babban yatsa na ɗaga kai yana saukewa kamar ƙadangare a kan katanga. Fuskar Adda kuwa kamar tana sauraron wa'azi. Likita ta kashe injin. Na ce wataƙila don ina wurin ne, bari in fita. Na tsaya bayan ƙofa. Ina ji aka ce ta rufe ido, ana taɓa ta da wani siririn zare ana cewa nan fa, nan fa. Amsa ɗaya ce. Wadda ba ta yi wa ungozoma raki ba, ba za ta yi wa sa'ar ƴarta ba.

Likita ta fito ta same ni. Ta ce in har tsohuwa ba ta ji wannan ba, to fatar ta mutu da ji, kuma irin wannan fata ba a sa mata injin, don zai iya yi mata illa ba ta sani ba. Na ce tana ji.

"Ta yaya kika sani?"

"Tasbaharta. Da kika ƙara, ƴaƴan sun riƙa gudu."

"Baiwar Allah, ba zan iya aiki da carbi ba. Baki nake so. Ku dawo gobe in sake gwadawa. In haka ne dai, sai ku koma gida da ƙwayoyi."

A adaidaita ba wanda ya ce uffan, har butar.

Bayan azahar gidan ya yi shiru, Rabi ta tafi barka, yara na makarantar allo. Adda na zaune a inuwar tsakar gida, ƙafafu cikin robar wankin Rabi. Na daɗe a bakin ƙofa ina kallon ta. Tun da nake ban taɓa mayar mata da magana ba, in ta gaya wa bango ni dai in tashi in yi. Ranar na je na ɗauki butar na aje ta tsakaninmu, na zauna na ba ta rabin baya.

Na ce, "Buta, ke kika fi ni shiga wurinta, ki kai mini saƙo. Gobe in aka sake cewa da sauƙi, jibi muna mota. Wake ya kusa ƙarewa a gona. Kawu zai hura wuta, za a miƙa masa ƙafa, kuma an ji abin da majo ya ce. In ƙafar ta ruɓe aka yanke, ba Hadiza za ta yi jinya ba, goyo gare ta. Ni ce. Ni zan yi wanka, ni zan ɗauka in kai bayan gida in dawo da ita, safe da yamma, har iyakar rai. A duba a gani wanne ya fi sauƙi, wannan ko kalma ɗaya ga baƙuwar da ba za a sake gani ba."

Kazar Rabi ta zo ta sha ruwan robar ta wuce.

Can Adda ta ce, "Butar nan, lakol ɗin tsufa ta yi rana. Mutane sun iya magana."

Ta gyara ƙafafu cikin robar ta ƙara da cewa:

"A tambaya mini. In mutum ya ce ya ji tururuwa, raki ne?"

"Buta, ba raki ba ne. Tururuwa ba ciwo ba ce. Labari ne kawai za a bayar."

"To, in labari ne."

Da safe muka koma. A ƙofar sashen wata ma'aikaciya ta ga buta a hannuna ta nuna mini hanyar ban ɗaki. Na ce tare muke. Na shiga na ɗora ta a kujerar da ke gaban gadon. Likita ta dube ta, ta dube ni. Na yi mata bayani a gajarce. Ta gyara gilashi ta ce ta ga masu zuwa da miji, ta ga masu zuwa da malami, wannan ne dai na farko, amma a bar butar ta zauna.

Aka fara da zaren. Adda ta rufe ido. Da aka taɓa sha-raɓa ta ce, "Butar nan, an taɓa." Ƙwauri, an taɓa. Da aka zo kan yatsu ta yi shiru, kuma wannan shirun na gaskiya ne. Likita ta ce to, yatsun sun rage ji, ba za a sa komai a nan ba, amma sama lafiya lau. Ta manna facin ta fara murɗawa. Ni ina kallon tasbaha.

"Butar nan, a ce wa yarinya tururuwa sun iso."

Likita ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Ta dubi butar sosai ta ce, "Suna da yawa?"

"Ƴan leƙen hanya ne tukuna."

"A ƙara?"

"A ƙara musu."

Ta murɗa kaɗan, ta jira, ta sake.

"Nan. Sun kai na bakin rumbu. A bar su su yi aikinsu."

Aka bar shi kamar tsawon dahuwar shinkafa. Tun ba a kai rabi ba na ga tasbahar ta tsaya, sannan ta zame daga hannunta ta faɗi a kan zane. Adda ta yi barci a zaune, baki a ɗan buɗe. Ni ban san rabonta da barci irin wannan ba. Na ɗauke kai na dubi taga, don bai kamata in gani ba.

Da aka cire, likita ta tambayi buta ya jiki. Adda ta ce, "Garwashin ya koma toka." Har la'asar tana haka, sannan zogin ya fara dawowa, kamar yadda aka gaya mana zai yi.

Mun ƙara ƴan kwanaki muna zuwa. Da likita ta ga yana yi mata, ta ce mu samu namu, mijin Rabi ya raka ni kantin kayan asibiti. Kuɗin tunkiyar da na sayar kafin mu taso a nan suka tafi. Likita ta ce wa zai riƙa sa mata a gida, dole wanda ke karanta lamba. Na ce ni ce. Adda ta dubi rufin ɗakin. Aka koya mini a hannuna, na ji tururuwar da kaina. A wanke fata ta bushe kafin a manna. Kada a sa a kan rauni ko inda ba ta ji, kada a kai shi wuya ko kai ko ƙirji, kada a kunna ƙafa na cikin ruwa, kada a kwana da shi. In an cire a duba wurin, gobe a ɗan matsa gefe. Ta ce ƙwayoyin majo su ne gaba, injin na bayansu. Kuma takalmi dole, mai taushi, tunda yatsun ba za su ba da labarin ƙaya ba. Ta ce kada in ba kowa aro.

Dawowa ba ta da labari sosai. A iyaka muka sake samun yaron nan mai kaki, ya leƙo ya ce, "A'a, Mama da ƴar garinsu." Wani ɗan duwan ya juya injin a hannu ya ce wace tasha yake kamawa.

Kwana ɗaya muka yi da dawowa Kawu Sanda ya zo. Ya ce gaisuwa ce kawai, amma na ga abu dogo naɗe da tsumma a hammatarsa. Ya zauna a turmi.

"Adda, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Haka kika ce kafin ki tahi."

Gaskiyarsa. Wanda ya shekara sittin yana cewa da sauƙi, ranar da sauƙin ya zo ba shi da kalmar faɗa. Kawu ya dubi ƙafarta ya ga takalmi. Ya dubi ƙwaryar ya ga an kife ta a kan danga. Bai gamsu ba. Ya ce a kawo abin ya ji da jikinsa, shi ba ya yarda da maganin da ba ya barin tabo. Likita ta hana aro, amma likita ba ta san Kawu ba. Na tambaye shi farfaɗiya da zuciya yadda aka tambayi Adda, ya ce in daina yi masa lakol. Na manna masa a damtse na fara murɗawa. Ban kai rabin lambar Adda ba ya fizge hannu ya miƙe tsaye, tsumman ya faɗi, ƙarfen ya yi ƙara a ƙasa.

"Ke, kashe shi."

Na kashe. Adda ta ce, "Butar nan, ga mai wuta can."

Kawu ya daɗe yana murza damtse. Ya ce ƙarfe ya fi wannan mutunci, don shi kana ganin zuwansa. Ya tambaye ni a wace lamba Adda ke tsayawa, na nuna masa. Ya ce kullum? Na ce safe da yamma. Ya girgiza kai ya ce wadda ke zaunawa a yi mata wannan safe da yamma, ba mahaluƙin da zai ce ta gudu daga wuta. Ya naɗe ƙarfensa ya ce akwai bijimin Malam Idi da ke ɗingishi, can za shi.

Masu tambaya ko ta warke, ba ta warke ba. Akwai ranar da injin ke yi mata sosai har ta taka zuwa gidan Hadiza ta ga jariri. Akwai ranar da tururuwar ke yin nasu, garwashin na yin nasa, ƙwarya ta sauko daga danga. Amma ƙafafunta biyu suna nan, ba tabo ko ɗaya. Faci in ya daina kamawa Rabi na aiko mana ta hannun direba. Kullum da hantsi da bayan la'asar nakan je gidan in aje buta tsakaninmu in yi aikina.

Ran kasuwar da ta wuce na same ta a tsakar gida gindin aduwa. Na wanke, na bari fata ta bushe, na manna, na kunna. Sai da na fara murɗawa muka lura babu butar, wani baƙo ya fita da ita alwala. Bango na nesa, gidan ba kowa. Na ƙara kaɗan. Adda ta duba hagu, ta duba dama. Ko kaza babu. Na ƙara kaɗan, na tsaya da yatsana a kan abin murɗawa ina jira.

Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido.

"Ya isa haka nan. Hannunki ya fi na yarinyar can sanyi."

Na ce to. Muka zauna har lokacin cirewa ya yi. Da baƙon ya dawo da butar ta yi masa faɗan da ban taɓa jin ta yi wa baƙo ba, washegari kuma buta na nan a wurinta kamar kullum.

Malama, in kin zo nan wurin kina karantawa, ki duba tukuna. In akwai wadda za ta kai wa Adda, ki tsallake shi.